Rigar Igiyar Caja Da Motar 'Yan Sintiri

Shafi na 23

Ni na fara ganinta. Zan ci gaba da faɗa har ranar da za a naɗe ni a likkafani. Kafin wani mai gyara a duk faɗin Yerwa ya san akwai robar da in ta ji zafi sai ta tsuke maimakon ta narke, ni Madu na gan ta, na shinshina ta, na raɗa mata suna.

Wushe wushe, sannunku jama'ata. Na ji ƙorafinku. Wai shafin jiya ya yi gajere, wai na bar ku a tsaye. Wata yarinya ma cewa ta yi, "Baba, cika bakinka ya yi yawa." 'Yata Zainaba ce ta karanto min, don ni ban taɓa zama a aji ba, ni ke faɗa ita ke dannawa. To yarinya, matso kusa. Bakin nan nawa ne ya kusa cinye ni, yau za ki ji yadda aka yi.

Mun tsaya inda a-kori-kurar 'yan sintiri ta ci burki a gaban teburina, a ƙofar shagon cajin Jude, nan unguwar Lamisula. Lokacin nan ne da mutanen daji suka kayar da turakun wuta, gari ya zauna ba lantarki, kowa sai ya kai wayarsa wurin mai inji. Jude ke da inji, ni ke da tebur a bakin ƙofa. Igiyar caja in ta tsage a wuya, hanjinta ya leƙo, ni ake kawo wa. In zura mata robar nan, in nuna mata zafi, ta kama ta gam. Shi ya sa nake ce wa robar riga, mutane ke ce min Mai Riga.

Ajimi ne ya fara dirowa, shugaban samarin sintirin unguwarmu. Ɗan ƙauyenmu ne, yaron da na sani tun yana yawo ba wando. Farar leda ce a hannunsa, ya riƙe ta da yatsu biyu kamar ya ɗauko mushen ɓera.

"Ba Madu," in ji shi, yadda ake kiran dattijo a nan.

"Ajimi ɗan Fanna! Wushe da rana. Ya mahaifiyarka da ciwon ƙafa?"

Ya share gaisuwar, ya tsaya nesa da tebur.

Yaron nan bai taɓa tsallake gaisuwata ba. Nan na ajiye almakashi.

Ya buɗe ledar, ya karkato min ita daga nesa. Guntuwar igiyar wuta ce, ba ta caja ba. A tsakiyarta, inda aka yi haɗi, an sa mata riga. Baƙa ƙirin.

"Ka san wannan?"

"Riga ce mana."

"Da safen nan aka tsinci wani buhu a kango, hanyar Kasuwar Shanu. Sojoji suka zo suka kwance abin da ke ciki. Bam ne, Ba Madu. Allah ya tsare bai tashi ba. Wannan daga jikinsa aka yanko."

Kai! Wanda bai zauna Yerwa a shekarun nan ba bai san nauyin kalmar nan ba. Layin masu jiran caji ya dare biyu. Mai shayin da ke gefena ya saki kofi. Wata mata ta suri ɗanta ta tsallake kwata, ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba.

Ajimi ya ce, "Waye ke wannan aikin a garin nan?"

Kafin in buɗe baki, ya ɗora.

"Kai da bakinka ka faɗa min, daga nan har Damaturu babu mai iya sa rigar nan sai kai."

"Har Kano na ce."

Wallahi haka maganar ta fito. Ban aike ta ba, da kanta ta fito.

Ajimi ya runtse ido kamar na taka masa ƙafa. Ya juya ga yaransa.

"A buɗe baya."

Bayan motar nan fa, jama'a. A shekarun nan wanda ya hau ta da kalmar bam a kansa, iyalinsa sukan gaji da tambayar inda yake. Ni da na tsallake harsashi a ƙauyenmu can bayan Khaddamari, na tako har garin nan da ƙafata, a ce roba ce za ta ɗauke ni?

Sai na ji murya daga bayan samarin.

"Ni ma shaida ne, shugaba."

Na leƙa. Garzali ne, dillalin awaki. Mutumin da kullum in an tashi kasuwa yake zuwa ya zauna a bencina, ya sha shayin da na saya, yana zuba min kirari. "Ba Madu, ai ko a Legas ba a haifi irinka ba." Ni kuwa in ce masa gaskiya ya faɗa. Ashe a motar ya zo. Shi ya nuna musu hanya.

"Garzali? Kai ne?"

Ya sunkuyar da kai, ya sa muryar tausayi.

"Ka yafe ni, Baba. Rayukan mutane ne, ba zan iya ɓoyewa ba. An tambaya waye mai sa riga, na ce duk gari mutum ɗaya ne. Ba kai ka faɗa ba?"

"Ni na faɗa!"

"To kun ji."

Nan Jude ya kashe inji ya fito, gumi na zuba masa. Jude ɗan Anacha ne a wajen iyaye, amma a garin nan aka haife shi, Kanurinsa ya fi na Zainaba. Ta ce in cire wannan maganar. Ban cire ba.

Ya shiga tsakanina da Ajimi, ya ɗaga hannu biyu.

"Oga Ajimi, don Allah tsaya. Wannan robar ba abin ɓoye ba ce. Ni nake sawo ta. Duk mai kayan wuta yana da ita. Masu sola suna amfani da ita, masu gyaran mota suna amfani da ita. Kowa zai iya sa ta, ko yaro."

Na miƙe tsaye.

"Ko wa?"

"Baba, yi shiru."

"Ko yaro ka ce? Jude, a gabana?"

Ya matso ya yi ƙasa da murya. "Baba, ceton ka nake."

"Ka cece ni da gaskiya mana! Waye ya fara ganinta a garin nan?"

"Mai solar da ya yi min aiki ne ya zo da ita. A ƙasa ka tsinci guntayen da ya zubar."

"Shi amfani yake da ita, bai gan ta ba. Kowa takawa yake yana wucewa. Ni na sunkuya. Ni na ce wannan maganin igiyar caja ce. Ko ba haka aka yi ba?"

Jude ya dafe kai da hannu biyu. "Yesu! Tsohon nan zai kashe kansa."

Wani daga cikin samarin ya ƙyalƙyale da dariya, Ajimi ya harare shi ya haɗiye ta. Sai Ajimi ya kama wuyan hannuna. A hankali ya kama, amma ya kama.

"Ba Madu, ka taimake ni. Mu je ka yi bayani a can."

"Can ina?"

Ya ja ni wajen motar.

Ban san wanda ya ruga gida ba. Sai dai na hango Kaltum matata tafe, mayafi a karkace, hannunta duk ƙullun masa. Ba ta kalle ni ba. Ta wuce kai tsaye ta haye bayan motar, ta zauna a bakin ƙofa, ta miƙe ƙafa.

"To a tayar."

"Ya Kaltum, sauko," in ji Ajimi.

"Ba tafiya za a yi ba? Tare muka fito daga ƙauye, tare za mu je. In an tambaye ka ka ce ka kamo tsohuwa mai masa."

"Ya Kaltum, aiki muke."

"Ajimi, ranar da aka haife ka ni na dafa wa Fanna ruwan wanka. Dube shi da kyau. Wannan mutumin ne zai haɗa bam? Mutumin da in ya sa wa igiya riga sai duk layi sun ji? Da shi ya haɗa, ai da tun jiya ya zagaye gari yana faɗa!"

Jama'a suka ɗan yi dariya daga nesa. Ni ban ga abin dariya ba, amma na bar ta.

Ta juyo gare ni. "Kai kuma Baban Zainaba, ka rufe bakin nan."

"Ba zan rufe ba. Ajimi, saki hannuna. Ba gudu zan yi ba, gwiwar ma ba za ta yarda ba. Ka ba ni igiya ɗaya in sa mata riga a gabanka. In ka ga aikina, ka dubi na ledarka, ka ce hannu ɗaya ne ya yi su, da ƙafata zan hau."

Garzali ya ce, "Shugaba, ɓata lokaci ne. Za ku bar shi ya taɓa wuta a nan?"

Ajimi ya dubi Kaltum a kan mota. Ya dubi jama'a. Ya saki hannuna.

"Guda ɗaya."

"Kawo taka."

Ya laluba aljihu ya zaro igiyar cajarsa. Subhanallahi! An nannaɗe wuyanta da salatif, zafin Yerwa ya narkar da shi, ya zama kamar ƙaro, gashi da yashi duk sun manne.

"Wa ya yi wannan ɗanyen aikin?"

"Ni."

"Ya nuna."

Na ce wa mai shayi ya zubo min garwashi a kasko. Ya zubo ya ajiye a ƙasa ya ja baya, ya ƙi matsowa. Kaltum ce ta sauko daga mota ta ɗauka ta riƙe min.

Da jama'a suka ga tsoho da igiya a hannu ɗaya, wuta a gabansa, sai kowa ya ƙara nisa. Har samarin sintiri suka koma bayan mota suna leƙe. Ajimi kaɗai ya tsaya. Ɗan Fanna ne, ba ya gudu.

Za a ce muku hannuna ya yi rawa. Iska ce.

Na ɓare salatif ɗin, na goge danƙon da tsumma.

"Duba nan. Hanjin bai tsinke ba, fatar ce ta tsage. Da ya tsinke sai an haɗa shi tukuna, riga ba ta ɗinke hanji. Kuma ba a taɓa igiya tana jikin wuta ko jikin waya. Kana ji?"

"Yi sauri, Ba Madu."

"Ba a yi mata sauri."

Na buɗe gwangwanina na zaɓo ja. Akwai ilimi a zaɓen nan. In ta yi ƙanƙanta ba za ta wuce kan cajar ba. In ta yi faɗi, ko ta tsuke za ta yi ta yawo kamar yaro a babbar rigar ubansa, don rabin faɗinta kawai take iya haɗiyewa. Na yanka ta zarce ciwon ta nan, ta zarce ta can. Na zura ta ta kan cajar, na tura har ta hau wuyan, don a wuya ake lanƙwasawa, a wuya take mutuwa.

"Ina laita?" in ji wani yaro daga bayan mota.

"Laita ta masu sigari ce. Harshen wuta ƙona ta yake, ya bar mata baƙin hayaƙi. Zafi take so, ba wuta ba."

Na ɗaga igiyar a saman garwashi, ina juya ta kamar tsire. Daga tsakiya nake farawa, in bi zuwa baki, don iskar da ke ciki ta samu hanyar fita.

Sai ta fara.

Allahu Akbar! Na yi aikin nan ba adadi, amma har gobe in ta fara tsukewa sai tsigar jikina ta tashi. Ka gan ta sako-sako, sai ta yi kamar ta ja numfashi, ta rungume igiyar, ta kwanta luf, ko ƙurji babu. Na saci kallon Ajimi. Bakinsa a buɗe.

"Ka gani? Sumul. Yanzu buɗe idonka, don abin da zan yi ban taɓa nuna wa kowa ba. Ko Kaltum."

"Akwai abin da ka taɓa ɓoyewa?" in ji Kaltum.

"Guda ɗaya."

Tun tana da ɗumi, na ɗora babban yatsana na danna farce a gindinta. Na hura mata iska ta huce, sannan na miƙa masa.

"Me ka gani?"

Ya kai ta kusa da ido. "Wata 'yar shaida ce. Kamar sawun akuya."

Na ɗaga masa yatsan. Farcen nan a tsage yake biyu tun ranar da aka shigo mana ƙauye. Kwanon rufi ne ya tsaga shi sa'ad da na haura katanga da Kaltum a bayana.

"Ni na jawo ka ta kan katangar," in ji ta.

"Ba wannan ake magana ba. Ajimi, na yi shekaru ina kora dabbobi a Kasuwar Shanu. Ban taɓa ganin mai hankali ya saki sansa ba alama ba. Duk rigar da ta fita daga hannuna sai na danna mata farcen nan, don kada wani ya yi ɓarna ya ce ni ne."

Na juya ga jama'a, na buɗe murya yadda nake kiran shanu.

"Duk wanda na taɓa sa wa riga, ya duba igiyarsa! Ku duba gindinta!"

Sai mai shayi ya laluba ƙarƙashin teburinsa ya zaro tasa. Ya juya ta, ya juya.

"La ilaha illallahu! Ga ta!"

"Tawa ma akwai!" in ji wani mahauci.

"Ga tawa! Wallahi sawun akuya!"

Jama'ar da suka gudu suka dawo a guje. Kowa na ɗaga igiya sama. Ja, shuɗiya, fara, baƙa. Matar nan da ta bar takalmi ta dawo tana cewa a duba mata, idonta ba ya gani sosai. Jude ya faɗa shago ya kwaso igiyoyin cajinsa gaba ɗaya, ya zube su a kan mota, yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya yana ihu.

"Akwai! Akwai! Wannan ma akwai! Baba, shekara nawa kana wannan ban sani ba?"

Har samarin sintiri suka shiga laluben aljihu. Ɗayansu ya ce, "Shugaba, tawa ma fa akwai."

Na gyara hula. Na ce, "Yanzu duba ta ledarka."

Ajimi ya zaro guntuwar igiyar. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Babu."

Wurin ya ɗauki kabbara. Kaltum ta rangaɗa guɗa da kaskon wuta a hannunta. Wani ya ɗaga ni sama kaɗan, na ce ya sauke ni, gwiwa.

Ana cikin haka Garzali ya yi gyaran murya.

"Shugaba, ni dai jahili ne. Amma in ni ne zan haɗa irin wancan abin, zan sa masa shaidata?"

Kamar an watsa wa garwashi ruwa.

Hannayen da ke sama suka fara sauka. Mahaucin nan ya mayar da igiyarsa aljihu. Na ga maganar ta shiga Ajimi, na ga ya so ya ture ta, ta ƙi turuwa. Ya sake kama wuyan hannuna. Wannan karon da ƙarfi.

"Gaskiya ya faɗa, Ba Madu. Rashin shaida bai wanke ka ba."

Nan raina ya ɓaci. Ba tsoron mota ba, ku fahimce ni. A ce wannan ƙazamin aikin nawa ne? Na fizge guntuwar igiyar daga ɗaya hannunsa.

"Bar maganar shaida! Dubi aikin kansa! Dubi yadda ta kumbura a tsakiya. Daga baki aka fara, aka kulle iska a ciki. Dubi nan, ta ƙone har ta tsage. Laita aka kafa mata kamar ana babbake kan akuya. Ko a mafarki hannuna ba zai yi wannan ba. Wannan baƙin ma da kake gani ba launinta ba ne, hayaƙi ne. Tsaya ka gani."

Na tofa yawu a yatsa na murza.

Baƙin ya fita.

A ƙarƙashinsa kore ne, da zanen rawaya a jiki.

Jude ya matso, ya leƙa, ya ja numfashi.

"Baba. Wannan ai ita ce."

"Wacce?" in ji Ajimi.

"Irin wannan ba na sawo ta. Ragowar aikin sola ce, 'yar guntuwa ce ta rage, na ba Baba. Ban sake ganin irinta a layin nan ba."

Ajimi ya ƙara matse hannuna. "Ashe daga gwangwaninka ta fito."

"Daga nan ta fito. Amma ban taɓa sa wa kowa ita ba. Mata suka ƙi ta, wai kamar maciji. Ta daɗe a gwangwani. Kyauta na bayar da ita."

"Wa ka ba?"

Jama'a, tun da uwata ta haife ni ba a taɓa yi min tambaya na yi shiru ba. Ranar na yi.

Don na tuna. Na tuna wanda ya zauna a bencina ya ce, "Ba Madu, ba ni wannan mai kama da macijin, tocilan tsohuwata ce ta lalace." Na tuna ya ce in bar shi ya gwada a gabana. Ya zaro laita, ya fara daga baki, na buge masa hannu na ce ba haka ake yi ba. Ya yi dariya ya ce ai shi ya sa babu kamata. Ni kuma na ji daɗi na ƙara masa shayi.

Ban koya masa ba, ku rubuta wannan. Satar kallo ya yi, shi ya sa aikin ya fito a karkace.

Kaltum ta dube ni. "Baban Zainaba, lafiya? Ka yi shiru."

Ajimi ya sunkuyo daidai kunnena.

"Ba Madu, suna ɗaya. Ka faɗa ka koma teburinka. Ka ƙi, ka hau mota, kuma ko Ya Kaltum ba za ta hana ba."

Na ɗaga ido ta saman kafaɗarsa.

Garzali ya bar inda yake. Ya zagayo a hankali, ya tsaya daf da bayan Ajimi, inda hanyar lungu take. Tausayin nan ya bar fuskarsa. Yana kallona, yana girgiza min kai kaɗan kaɗan, yadda ba wanda zai lura.

Ni Madu ake girgiza wa kai?

Na ce, "Ajimi ɗan Fanna."

"Ina ji."

"Wa ya nuna maka hanyar teburina?"

Na ji yatsunsa sun saki hannuna ɗaya bayan ɗaya.

"Shi na ba. Garzali!"

Ajimi ya fara juyawa. Bai kai rabi ba. Hannun Garzali ya riga ya shige ƙarƙashin riga, na ga ƙyallin ƙarfe ya fito, kuma bayan Ajimi a buɗe yake.

Kaltum ta ƙwalla ƙara.

Ni kuwa, da gwiwar nan tawa da ba ta yarda da gudu, na yi tsalle.

Zainaba ta ce yatsanta ya gaji. A nan za ta ajiye waya.

Na san akwai masu zama a inuwa suna cewa tsohon nan shirga ta yake. To Lamisula ba a sama take ba. Ka hau keke ka ce a kai ka shagon cajin Jude, teburin da ke hannun dama. Ka zo da rana, ka zo da abokanka. Zan ɗaga maka rigata ka sa yatsanka a tabon da ke ƙarƙashin haƙarƙarina na hagu, ka auna tsawonsa da kanka. In bayan nan bakinka ya iya cewa ƙarya ne, ka faɗa a gabana, ido cikin ido, in kai namiji ne.